Faifan Mamuda

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", har da wadda ta kira ni ina tsakiyar tuƙin tuwo, to ga shi nan. Ku kuma 'yan ƙungiyar "Attahiru mutumin kirki ne", ku gyara zama, yau da ku nake.

*

Hantsin Laraba Tasallah ta yafa mayafi, ta soke wayarta a ƙugun zani, ta nufi gidan Attahiru, yayan mijinta Mamuda. Saura kwana biyu a ɗaura mata aure da Malam Bunyaminu, malamin gonar da aka kawo Geza bara. Duk wanda ya gan ta a hanya cewa zai yi amarya ce ta fito gayyata. Ita kuwa tun jiya da la'asar ba ta san ko amarya ce ita ko matar wani ba.

A tsakar gida ta tarar da Rabi matar Attahiru tana sheƙar dawa. Rabi na ganin yatsunta ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiriri! Har an sa lalle ba a kira mu ba?"

Tasallah ta dubi hannunta. Jajir yake.

"Ba lalle ba na, Yaya Rabi. Zoɓon da kinka aje man bakin ƙohwa da asuba na, na ɗan jiƙa. Na gode."

"Wane zoɓo?"

Amma Tasallah ta riga ta wuce. Ba zoɓo ne a ranta ba.

Attahiru yana bayan gida ƙarƙashin rumfa, yana sassaƙa ƙotar fartanya. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya, ina kwana."

"Lahiya lau. Ƙaƙa shirin biki?"

Bai ɗago ba. Shekara biyu da wata uku ke nan rabon da ya dube ta ido cikin ido, ita kuma da wautarta ta ɗauka kunyar yayan miji ce.

Tun ruwan Agustan nan ne. Mamuda ya tafi kasuwar ƙetare, can cikin Benin, sayen san noma, tare da Attahiru da Muhsin ƙanen Tasallah, wanda shi ne mai jirgin ruwan. Mutum uku suka tafi, ɗaya ya dawo. Attahiru ya ce kututture suka daka a tsakiyar kogin Kwara jirgi ya kife. Ya ce bayan kwana biyu aka tsamo Mamuda, kuma kamar yadda mutanen ruwa suke yi, nan bakin gaɓar da aka same shi aka yi masa salla aka rufe. Muhsin kuwa ko takalminsa ba a gani ba.

Ta yi takaba, ta yi kukan da za ta yi, har Allah ya kawo Bunyaminu ta sake koyon dariya. Sai jiya ta ji ba za ta iya shiga gidan wani ba tare da ta ga inda uban 'yarta yake kwance ba, ko da daga nesa ne. Bunyaminu yana da wata faffaɗar waya da yake auna gonaki da ita, mai nuna ƙasa daga sama, hoton tauraron ɗan adam. Da ita yake mata hira in ya zo: yau jirgin saman da ya faɗi cikin hamada, gobe wani tafki ja kamar manja. Ta roƙe shi ya nemo mata wurin. Bawan Allah bai ɓata rai ba, ya bi kogin da yatsa, ya wuce garin Lolo, ya tsallaka iyaka. Can sai ya kece da dariya ya ce ta zo ta ga abin mamaki.

Abin mamakin ne yanzu ta buɗe, ta ajiye a kan tabarma gaban Attahiru.

"Yaya, duba man wanga."

"Kin san idona ba shi gani da kyau."

"Shina gani. Ran kasuwa kai kaz zare ma Raliya ƙaya ga ƙahwa, ba ka nemi tabarau ba."

Raliya 'yarta ce, 'yar Mamuda. Jin sunan ya sa ya miƙa wuya.

Ga kogi nan ruwan ƙasa-ƙasa, ga tsibiri a tsakiya. A gaɓar Benin gonaki ne jere, kunyoyinsu a miƙe kamar na kowa. Guda ɗaya ce ta fita zakka. Kunyarta ta faro daga gefe, ta yi ta zagaye tana matsewa, tana zagaye tana matsewa, har ta ƙare a tsakiya inda wani ɗan baƙi yake.

Wuƙar da ke hannun Attahiru ta tsaya cak.

Duk Geza babu wanda bai san wannan noman ba. Mamuda ya taɓa yin wani sa mai ido ɗaya, wanda in an kai ƙarshen kunya ko za a kashe shi ba ya juyawa dama. Da Mamuda ya gaji da dukan dabba sai ya bi son ransa, ya riƙa huɗa yana zagayawa ta hagu. Gari ya yi dariya har ya gaji, aka sa wa gonar suna faifan Mamuda. Shi kuwa ya ce ai ta fi riƙe ruwa, ya ƙi bari. Cibiyar gonar, inda garma ba ta iya shiga, nan yake bar wa Tasallah, yana shuka mata zoɓo duk damina.

"Abin waya na," in ji Attahiru, ya koma sassaƙarsa. "Yaran yanzu suna haɗa mutum da kan jaki cikin hoto, bare gona."

"Malam bai san baban Raliya ba, bai taɓa jin labarin faifai ba. Dariya yay yi, yac ce aljanun Benin sun iya rawa. Wa za shi haɗa mai?"

"To wani na yag gani yak kwaikwaya."

"Shekara bakwai shina yi garin ga, wa yat taɓa kwaikwaya? Kai da kanka kac ce abin kunya na ga gidanku. Kuma duba da kyau, Yaya. Hagu yay yi."

Ya ajiye ƙotar. Ya ɗauka. Ya sake ajiyewa.

"Hotunan ga tsohhi na, malamin naki bai hwaɗa maki ba? Ranar da ya auna man gona, rumbuna da yar rushe tun tuni na gan shi tsaye ciki. Mamuda ya yi ƙwadago can ƙetare daminar da ruwa yac cinye muna shinkahwa. Ko kin mance?"

Ba ta manta ba. Gaskiya ne, ya yi wata guda a can. Bunyaminu ma ya faɗa mata hoton kan daɗe kafin a sabunta shi.

Allah ya sani, a wannan lokacin Tasallah ta so maganar ta zama gaskiya. Ta so ta da zuciya ɗaya, don ta miƙe ta koma gida a sa mata lalle. Sai kuma kunya ta rufe ta, ganin ita ce yau take fatan uban 'yarta ya tabbata matacce. Ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka a kan wayar.

Ta daɗe tana kallo.

"Yaya."

"Na'am."

"Tsibirin ga, guda nawa na?"

"Wane irin zance na wanga?"

"Ƙirga man. Ni mace ta, ban yi boko ba."

Ya leƙa da gefen ido.

"Biyu."

"Ranar sadakar uku, gaban Inna uwata, wa yac ce ruwan da yac ci baban Raliya shi yar raba tsibirin ga biyu? Kac ce da can guda na. Kac ce in wata rana ina son in gane wurin, in duba inda tsibiri yar rabe. Da shi Malam yag gano wurin jiya."

Attahiru ya kau da kai.

Wata kaza ta zo ta tsattsaga sassaƙen itacen da ke gabansa, bai ko kore ta ba.

"Hoton ga bayan kihewar jirgi anka ɗauke shi," in ji Tasallah. "Kuma wurin da kac ce kabari na, nan gonar take. Matacce na huɗa, Yaya?"

"Tasallah, ki kama bakinki."

"Na kama shi shekara biyu. Duk bayan wata uku ka ce za ka ziyarar kabari, ka aza tiya goma ta gero ga babur, da sabulu, da man gyaɗa. Na ga Yaya Rabi na ɗaure maka, nac ce sadaka ta. Kabari na cin gero?"

"Ke!"

"Tun da anka maishe ka waliyyina, sau biyu kana ɗaga auren ga. Na hwarko kac ce sai an yi girbi, na biyu kac ce mahwarki kay yi. Har garin ga ana cewa kai ka sona kana jin nauyin hwaɗi. Da ma shi na, da ya hi man sauƙi."

Ni dai da na san Tasallah, mai magana kamar ana karɓar haraji a kan kowace kalma, na ce lallai yau an kai ta bango.

Ta ɗauke wayar, ta miƙe.

"Ina za ki?"

"Gidan Liman. Shi za shi ɗaura, gara shi gani tun yau. In aljanu na, shi ya san addu'arsu."

Ta yi taku uku.

"Zamna."

Ba tsawa ya yi ba. Da tsawa ce da ta wuce abinta. Muryar ce ta fito kamar ta mara lafiya, ta juyo, ta ga Attahiru yana kallonta cikin ido karo na farko, idanun sun kaɗa.

Ta koma ta durƙusa.

"Babu kututture," ya ce.

"Na ji."

"San da munka saya, babba na, hwari. Munka iso bakin ruwa, Muhsin yac ce a ɗaura mai igiya shi biyo mu da iyo. Mamuda yac ce a'a, cikin jirgi za shi."

Tasallah ta dafe ƙirji. A tungar masunta aka haife ta, cikin ƙarnin kifi ta girma. Ko yarinyar da ba ta fara salla ba a gidansu ta san ba a sa babban sa a ƙaramin jirgi. Igiya ake ɗaura masa, mutum ɗaya ya riƙe kansa a gefen jirgi, ya yi iyo har gaɓa.

"Sa cikin jirgi? Ga ruwan Agusta?"

"Sau uku Muhsin na hanawa. Mamuda yac ce san na da miki ga ƙahwa, ba shi sayen sa da guminai shi miƙa ma kogi. Yac ce shi manomi na, ya hi kowa sanin sa, in ya rufe mai ido lahiya lau za shi kwanta. Yaron ya ji nauyin mijin yayatai, ya yi shiru ya kama hilahilin tuƙi."

"Kai kuwa?"

"Ni ma shiru niy yi." Ya share fuska da hannun riga. "Mun kai tsakiya, igiyar ruwa ta bugi jirgi, sa ya miƙe tsaye. Shi ke nan."

"Wanda kunka tsamo bayan kwana biyu..."

Ya ajiye wuƙar a kan tabarma.

"Yaya, wa kunka bizne?"

"Muhsin na."

Ba ta yi ihu ba. Inna ce kawai ta faɗo mata a rai. Inna da duk ranar kasuwa sai ta ɗauki sanda ta hau mota zuwa bakin ruwa, tana tare masu jirgi ɗaya bayan ɗaya, ko an ga wani dogon yaro mai tabo a goshi can ƙasan kogi. Har yau ta hana a raba kayansa, rigarsa ta salla tana ninke a ƙarƙashin matashinta.

"Shi kuwa?" ta tambaya. Ta kasa cewa baban Raliya.

"Ya hita da rainai. Kwana ukku shina zamne bakin kabarin, ko ruwa bai sha ba. Yac ce ba shi iya kallon Inna, ba shi iya kallonki. Yac ce in koma in ce shi ma ya mutu, in na ƙiya za shi koma cikin ruwan. Na ga da gaske shikai. Nac ce bari in hwaɗi, wata guda ko biyu hankalinai shi dawo. Kahin in ankara kin shiga takaba, magana ta hi ƙarhina."

"To mi yah hana ka ce an ga Muhsin? Ko shi kaɗai? Ko don tsohuwar ga ta huta?"

"Mutanen tungar can sun san gawa guda anka bizne, kuma suna zuwa kasuwar Lolo. Kabari guda na, Tasallah. Dole in zaɓi mai shi. In nac ce Mamuda ya ɓace, shekara huɗu za ki zamna jiran ɓatacce. Na zaɓe ki."

Wata dariya ta kufce mata, irin wadda kuka ya fi ta daɗi.

"Ni kaz zaɓa? Na yi takabar mai rai, uwata na jiran matacce, kuma ni anka taimaka?"

"Na san na yi laihi."

"Wata huɗu da kwana goma ban sa turare ba. Raliya na gaya ma yara babanta na Aljanna. Kai kana zamne kana amsa gaisuwar ta'aziyya."

Ya sunkuyar da kai. Tsanarsa ta cika mata zuciya, kuma abin haushi, can ƙarƙashin tsanar akwai wani sanyi da ta kasa korewa. Mamuda yana numfashi. Ta tsani wannan sanyin fiye da yadda ta tsani Attahiru, don fuskar Bunyaminu ce ta tsaya mata a ido, yana dariyar aljanu da zuciyarsa fes.

Ta sake buɗe hoton, ta sa jan yatsanta a tsakiyar faifan.

"Baƙin ga na tsakiya, mi na?"

"Kabarin na. Mai ƙasar ya ba shi aron wurin, shina zagaye shi da garma duk damina. Gehenai kuwa zoɓo yash shuka, awa yadda shika yi maki nan gida. Ba shi saidawa, ba shi sha. Shi shanya shi tara."

Ta rufe ido. Da ta buɗe, tambayar da ta kawo ta tun farko ce ta fito.

"Ya sake ni?"

Attahiru ya dubi ƙasa.

"Yaya, jibi za a tara mutane. Ya sake ni ko bai sake ni ba?"

"Shi na kai da kawowar da nika yi tun da Malam yaf fara zuwa. Na kai mai takarda da biro. Karon hwarko yac ce sai bayan girbi. Na biyu ya rubuta bisimilla da ajami, ya tsaya, ya kekketa. Nac ce to ko da baki, hwaɗi kalma guda in zama shaida. Ya tashi ya kama garma ya bar ni nan."

"Ke nan matatai ta ni."

"Har yanzu."

Abin ya daki Tasallah fiye da yadda ta zata. Ga akwatunan lefe a ɗakin Inna, ga 'yan'uwan Bunyaminu da za su taso tun daga Yawuri gobe, ga shi kansa ya shafe ɗakinsa da sabon fenti shuɗi don ta taɓa cewa tana son shuɗi.

"To jibi da wace huska za ka zamna gaban Liman ka ce ka bada?"

"Shi yas sa nit tahi shekaranjiya. Ba goron biki nit tahi saye ba awa yadda nac ce. Na yi rantsuwa in ya ƙiya wanga karon, ko in ɗauro shi da igiya, ko in tona da bakina."

"Sai mi?"

Ya jawo ƙotar ya ɗora a cinya.

"Sai mi, Yaya?"

"Na iske bukkar da shika kwana kulle. An zabge zoɓon tas, wanda yat tara ma babu. Wani tsohon masunci da ke kusa da shi yac ce tun ran Lahadi ya hau jirgin Lolo, da buhu ga kai."

"Za shi ina?"

"Tsohon ya tambaye shi."

"Yac ce mi?"



"Yac ce ɗaurin aure za shi. Geza."

Ta fara ƙirgawa da yatsu ba tare da ta sani ba. Lahadi, Litinin, Talata.

"Hanyar wuni guda ta."

"Na sani. Na duba tasha, na duba masallatai, jiya har tsohuwar gonatai na zagaya. Ban gan shi ba. Kwana biyu ban runtsa ba, Tasallah."

Takun tafiya suka ji daga kwanar ɗaki, su biyun suka zabura. Rabi ce, da ƙaiƙayi a gashin ido, tana karkaɗe zani.

"Ku yi haƙuri na katse ku. Wai Tasallah, abin na ta cina. Wane zoɓo kika hwaɗi? Ni ban aje maki komi ba. Bana ko ƙwara ban shuka ba."

Attahiru ya miƙe tsaye, ƙotar ta faɗi daga cinyarsa.

Tasallah ta buɗe tafin hannunta a hankali. Jan yana nan, ya shiga har ƙarƙashin farce. Buhu guda ta tsinta cike fal. Ta jiƙa kaɗan don a ɗanɗana, Inna ta sha kofi biyu, har tana cewa rabon da ta sha mai daɗinsa tun na gonar Mamuda. Sauran yana jingine bayan ƙofar ɗakinta, ta ware shi don baƙin ranar Juma'a.

Sai yanzu ta tuna sawun da ta share da tsintsiya bayan ta ja buhun ciki. Sawun namiji ne, babu takalmi. Bai miƙe ya koma hanya ba.

Zagaye gidan ya yi. Ta hagu.